Dan Allah a taimaka: hazon da nake gani tsakanin ɗigon Bragg a CsPbBr3, datti ne ko bayani?

NemanSani:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Wata matsala ce ta sha mini kai kusan sati biyu kenan, nace bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace.

Ni ɗaliba ce ina digiri na biyu, aikina akan ferobskayit ne, wato dangin kiristal da ake haɗa sel ɗin sola da wasunsu, takamaimai CsPbBr3 mai atam ɗin Cs da Pb da Br. Bayan doguwar wahala na samu kiristal ƙwaya ɗaya mai kyau, ruwan goro, ba tsaga ba komai, muka ɗora shi a injin eksire mai bututun Mo (hasken yana bugun kiristal ya fito ɗigo-ɗigo a hoto, su ake kira ɗigon Bragg), muka dinga ƙara masa zafi daga zafin ɗaki har 150°C. Komai ya tafi yadda aka san shi, a wajen 88°C akwatin tushensa, wato ƙaramin tsarin atam da yake maimaita kansa, ya bar otorombik (gefe uku duk sun bambanta) ya koma tetiragonal (gefe biyu daidai), a wajen 130°C kuma ya koma kubik (duka uku daidai), ƙananan ɗigon nan da suke fitowa a rabi da rabi tsakanin manyan duk suka ɓace, lissafi ya zauna daram a tsarin kubik na Pm-3m da gefen akwati kusan 5.87 Å. To har nan ba matsala.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, ƙwallon girgizar Br da manhaja ta zana mini ba ƙwallo bane sam, ya baje kamar faranti, siriri ta wajen da yake kallon Pb amma ta gefe fankameme, ya ninka na Pb nesa ba kusa ba. Na biyu kuma shine babba, rannan ina duba ɗanyen hotunan sai na mayar da ma'aunin haske zuwa log, mai fito da raunanan haske, don kawai in gani, sai ga wasu ratsi-ratsi dishi-dishi kamar hazo suna bi ta tsakanin ɗigon Bragg, a miƙe sambal, kuma daidai ta wuraren da ƙananan ɗigon nan suka ɓace suke ratsawa. Na nuna wa wani da ya girme ni a lab ɗin yace datti ne kawai, iska ce da gam, in rufe su in ci gaba da aikina tunda R ɗina, wato lambar dacewar lissafi da awo, yayi kyau. Ni kuma gsky zuciyata bata kwanta ba, datti ai baya bin layi haka.

Shin kiristal ɗina ne mara kyau, ko injin ne? In kuma abin na gaske ne to me yake gaya mini, kuma yaya za'ayi abu ya fito kubik tsaf a lissafi amma yana nuna alamun karkata? Ngd.


TsohonMalami:

Wa alaikumus salam 'yata. Kar ki share komai tukunna, ki adana ɗanyen hotunan nan wuri biyu ma. Abubuwa biyun da kika lissafa inaga abu ɗaya ne kike kallo ta taga biyu.

Ɗigon Bragg matsakaici kawai suka sani. Kiristal ɗinki yana da akwatunan tushe biliyoyin biliyoyi, ɗigon nan suna baki abin da zaki samu ne in kin ɗora duk akwatunan kan juna kin mayar dasu akwati ɗaya tal. Ba laifin manhaja bane, iya abin da ke cikin ɗigon kenan. To ki duba, idan rabin kejin PbBr6, wato Pb a tsakiya Br shida kewaye dashi, sun karkata dama rabi sun karkata hagu, matsakaici zai ce miki babu wanda ya karkata, ga kubik nan tsaf, alhali zai yiwu da wuya ki samu keji ɗaya da yake tsaye cak a kowane lokaci. Farantin Br ɗinki shine sawun da abin ya bari, Br yana kaiwa da komowa ta gefe amma baya matsawa kusa da Pb ko nesa dashi sosai, kamar yadda fanka in tana gudu zaki ga da'ira ce cikakkiya alhali fukafukai uku ne.

Shi kuma hasken da ɗigon Bragg suke rasawa saboda wannan motsi, wanda lissafin Debye da Waller yake cirewa, ai ba ɓacewa yake ba, zubewa yake a tsakanin ɗigon. Shine hazonki. Da ace kowane atam gaban kansa yake ci ba ruwansa da maƙwabci, da hazon zai fito sumul ne ba siffa. Duk lokacin da kika ga hazo ya ɗauki siffa, ratsi ko sanda ko labule, to atam ɗin haɗin baki suke yi, kuma siffar ce take gaya miki waye yake haɗa baki da wa. Ƙa'idar daga lissafin Fourier take, komai a juye yake fitowa a sararin akasi, wato sararin da ɗigon da hazon suke zaune a ciki: abin da yayi tsawo a cikin kiristal sai ya fito siriri a can, abin da yayi gajarta sai ya baje. Haɗin baki a layi ɗaya kamar sarƙa yana bada labule. Haɗin baki a shimfiɗa guda yana bada sanda. In ya cika ta ko'ina uku sai ya dunƙule ya zama ɗigo.

Yanzu zo ga naki. Kejin nan masu fuska takwas a kusurwa suke haɗe, Br ɗaya na keji biyu ne. Ɗauki keji ɗaya ki murɗa shi dama akan layin c, wanda yake tsaye daga ƙasa zuwa sama, Br huɗu na ƙugunsa zasu ja maƙwabtansa huɗu dole su juya hagu, su kuma su ja nasu dama, haka haka har ƙarshen benen, kamar ƙafafun nan masu haƙora na cikin agogo. Amma bene na sama fa? Br ɗin da ya haɗa su yana kan layin juyawar ne, bai motsa ba, saboda haka na sama ba wanda ya tilasta masa, ko ya bi na ƙasa ko ya saɓa masa, kuɗin makamashin kusan ɗaya ne. Kinga kenan a cikin bene akwai haɗin baki mai ƙarfi wanda yake maimaita kansa duk bayan akwati biyu, shi yasa yake fitowa a (½, ½), tsakanin bene da bene kuma kusan babu, shi yasa ya miƙe ya zama sanda ta wajen l (h da k da l sune alƙiblu uku na sararin akasi, l na layin c ne). Da duk benayen zasu yarda su juya gefe ɗaya sandar zata dunƙule a (½, ½, 0), wurin da ake kira M, kuma abin da ya faru kenan a 130°C. Da zasu riƙa saɓawa bene bayan bene zata dunƙule a (½, ½, ½), wato R, wannan ne yake ƙaruwa a 88°C akan sauran layuka biyun. Shi yasa ratsinki suke bi ta kan kushewar ɗigon da suka ɓace, ba ɓacewa suka yi ba, narkewa suka yi suka bi layin M zuwa R. Martin Dove da abokan aikinsa a Kambirij sun yi lissafin irin wannan motsi sosai a shekarun 1990, motsin da keji yake juyawa ba tare da ya lanƙwashe ba, kuma a ferobskayit akan wannan layin yake faɗowa.

Dalilin da yasa kejin suke son karkata tun farko kuwa, Cs bai cika ramin da yake zaune ba, ma'aunin Goldschmidt na 1926 in kin lissafa masa zai fito ƙasa da 1. Glazer a 1972 ya jera hanyoyin karkata 23, Howard da Stokes suka tace su zuwa 15 a 1998, amma duka wannan na karkatar da ta daidaita ne daga farkon kiristal har ƙarshe. Naki ita ce wadda bata gama yanke shawara ba. Wani abu da zan ja kunnenki akai, kar ki rubuta cewa tsawon Pb zuwa Br rabin 5.87 ne wato 2.94 Å, wannan tazarar matsakaitan wurare ce, ainihin tazarar ta fi haka kaɗan tunda Br kullum a gefe yake.


MaiInji:

Malam ya gama magana ta fuskar ilimi, Allah ya ƙara basira. Amma Malama ni aikina kula da irin waɗannan injuna ne kuma naga mutane da yawa sun ɗauki murna akan hazon da daga baya ya tashi gam ne, saboda haka wanda yace miki datti ne ba wai maganar banza yayi ba, kuskurensa ɗaya bai ce ki gwada ba. Hazon gaske ya kan fi ɗigon Bragg rauni sau dubu har zuwa sau miliyan, a wannan matakin komai ma haske yake watsawa, iska, gilashin da kika saka kiristal ciki, gam, har ɗan sandan da yake tare hasken tsakiya.

Gwajin ba wuya. Hazon iska da gilashi da gam zobe-zobe yake yi masu faɗi kewaye da tsakiya kuma in kin juya kiristal yana nan inda yake, hazon kiristal kuwa tare da kiristal yake juyawa kuma yana maimaita kansa daga wannan ɗigo zuwa wancan yana bin daidaiton kubik, sandar da kika gani ta wajen l dole ki ga 'yan uwanta ta wajen h da k. Ki cire kiristal ki ɗauki hoton komai yadda yake ba shi, tsawon lokaci ɗaya, zafi ɗaya, sai ki cire wannan daga wancan. Sannan kar ki tsaya kallon hoto ɗaya ɗaya, ki sa manhaja ta haɗa miki su ta yanko shimfiɗar l = 0.5 da l = 1.5, a nan ne in sandunan na gaske ne zaki ga sun yi miki raga.

Ga tarko biyu da suka shafi injinki kai tsaye. Hasken Mo 17.5 keV ne, ya haura bakin K na Br, wato makamashin da daga shi atam yake shanye haske ya fitar da nasa, dake 13.5 keV ya haura bakin L3 na Pb dake 13.0 keV, saboda haka kiristal ɗin da kansa yake fitar da nasa hasken ta ko'ina yana cika miki baya da farin hazo mara siffa, baya ƙirƙiro ratsi amma yana binne su. In ditektarki irin mai ƙirga ƙwayar haske ce, su Pilatus, ki ɗaga shingen makamashi zuwa wajen 14 ko 15 keV zaki sha mamakin yadda baya zai washe. Na biyu shine rabin tsawon zango, wasu injunan suna barin haske mai λ/2, wato rabin zangon hasken da kike aiki dashi, ya sulale ya wuce, shi kuma daidai a rabi da rabi yake ajiye ƙananan ɗigon ƙarya, wato wurin da kike kallo. Maganinsa ki sauke wutar bututu ƙasa da 35 kV, a nan ba za'a samu haske mai ninkin makamashi ba sam, hasken zai ragu ki ƙara lokaci, in abin ya tsaya to naki ne.

Sai kuma tagwaitaka. Duk lokacin da kika sauko daga kubik kiristal ɗin yana rabewa yanki-yanki kowanne ya zaɓi nasa layin c, to ƙasa da 130°C ki yi hattara da abin da kike kira hazo. Kuma ki rage girman kiristal ɗin, Pb shanye haske yake yi ba kaɗan ba. In abin ya tabbata ki rubuta takardar neman lokaci a sinkurotiron, wato katafaren injin dake fitar da eksire mai tsananin ƙarfi, irin ESRF a Grenoble ko PETRA III a Hamburg, da haske mai ƙarfin 60 zuwa 100 keV abin da zai ci miki kwana a lab mintuna ne.


NemanSani:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, wlh misalin agogon nan ya buɗe mini kai, na zana keji tara a takarda na murɗa na tsakiya naga abin da idona. Yaya MaiInji kai ma ngd, ban taɓa tunanin maganar λ/2 ba, gobe in sha Allah zan fara da hoton wofi da kuma sauke wuta.

To amma ga inda na sake maƙalewa. In ya tabbata, zan iya rubutawa a kundina cewa a cikin kubik ɗin akwai ƙananan yankuna na tetiragonal da suka daskare a ciki, kamar tsibirai? Naga takardu da yawa suna cewa haka, wasu kuma suna cewa girgiza ce kawai ba wani yanki, ni kuma bansan ta ina zan bambance ba, tunda hoton ai a tsaye nake ganinsa baya motsi.


DaktaNiyutiron:

Ƙanwata a nan ki taka birki, don kin taɓo gardamar da ta haura shekara hamsin ana yinta. Amsa a gajarce, da injin eksire naki kaɗai ba zaki iya cewa a daskare suke ko motsi suke ba, kuma ba don injin ya gaza ba, ko sinkurotiron kika je in dai irin wannan awon ne haka ne. Ƙwayar haskenki tana ɗauke da 17,500 eV, girgizar kejin kuma 'yan meV ce, meV kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na eV, in hasken ya ba girgiza makamashi ko ya karɓa ditektarki bata ma san anyi ba. Kowace ƙwayar haske ƙyaftawa ɗaya take gani, hotonki kuma tarin ƙyaftawa ne marasa adadi. Tsibiran da suka daskare shekara da shekaru da tsibiran da suke haihuwa su mutu cikin fikosakan kaɗan (kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan kenan), hoto iri ɗaya zasu baki.

Bari in baki labarin BaTiO3 don shine uwar wannan gardama, kuma abu ne da yake cikin kafasitocin kowace waya. Shi yana da yanayi huɗu, kubik sama da kusan 120°C, tetiragonal har zuwa wajen 5°C, otorombik har wajen −90°C, ƙasa da nan rombohidiral. Bayanin da aka fi yarda dashi a lokacin na Cochran ne na wajen 1960, cewa Ti a tsakiyar kejinsa yake, wata girgiza ce take yin laushi tana rage sauri yayin da ake sanyaya shi har ta tsaya cak ta bar Ti a gefe. Sai a 1968 Comès da Lambert da Guinier a Orsay ta Faransa suka ɗauki hotunan eksire suka ga labulen hazo, kuma ga abin da yake burge ni har yau, a kubik jerin labule uku ne, a tetiragonal biyu, a otorombik ɗaya, a rombohidiral babu ko ɗaya. Uku, biyu, ɗaya, sifili. Suka ce to Ti bai taɓa zama a tsakiya ba, kullum a goce yake ta ɗaya daga kusurwa takwas na akwatin, wajen ⟨111⟩, a kubik duka takwas ɗin a buɗe suke gare shi, a tetiragonal huɗu, a otorombik biyu, a rombohidiral ɗaya, kuma Ti da suke layi ɗaya suna haɗa baki su goce gefe guda kamar sarƙa, sarƙa da sarƙa kuma ba ruwansu da juna, wanda bisa ƙa'idar da Malam ya baki labule zai bayar. Duk sanda layi ɗaya ya daidaita sai labulensa ya ɗauke. Har rashin labule a h = 0 ya dace, don ƙarfin hazo yana bin yadda gocewar atam ta dace da alƙiblar da kike kallo ne, wannan ya nuna gocewar a tsawon sarƙar take ba a gicciye ba.

Bayani mai kyau ko? Shekara ɗaya kacal, 1969, Hüller ya nuna cewa girgiza mai laushi in laushinta ya bambanta daga alƙibla zuwa alƙibla ita ma labulen nan zata bayar ba sai an ce Ti ya bar tsakiya ba, a 1971 kuma Harada da Axe da Shirane suka auna da niyutiron a Brookhaven suka ga girgizar tana nan da irin wannan bambancin, sai dai ta dakushe ƙwarai. Daga baya a 1998 Ravel da Stern da abokansu suka yi awon EXAFS wanda yake kallon maƙwabtan Ti kawai, suka ga a goce yake ta ⟨111⟩ a duka yanayi huɗun. Yau yawancin masu aikin nan sun yarda duka biyun suna ciki, Ti a goce yake kuma tsalle yake tsakanin wuraren, kowane awo da irin saurin idonsa.

Niyutiron shine yake raba gardamar motsi, don makamashinsa wajen 25 meV ne, sa'an girgizar ne, in sun yi musaya zaki gani ɓaro-ɓaro, aikin da Brockhouse ya faro a Kanada a shekarun 1950 har ya samu Nobel a 1994. Kuma an riga anyi wa naki. A 2021 wata ƙungiya daga jami'ar Duke da ɗakin binciken Argonne sun fitar da aiki akan CsPbBr3 da eksire da niyutiron, suka ga ragar sandunan nan da kike gani, suka nuna daga girgizar Br suke wadda ta dakushe har bata iya kammala kai da komo ɗaya, shimfiɗa-shimfiɗa na keji masu juyawa tare, suna haɗuwa suna wargajewa kamar ruwa. Saboda haka kalmar daskarewa ni ba zan sa ta a kundi ba. Ki rubuta abin da kika auna, cewa akwai haɗin bakin karkata a shimfiɗa-shimfiɗa, ki auna kaurin sandar ki cire kaurin da injin yake sakawa da kansa, daga nan ki fitar da nisan haɗin bakin, in kaurin ya kai ɗaya bisa goma na tazarar ɗigo biyu to 'yan akwatuna ne kawai ba zasu wuce goma ba. Maganar motsi kuma ki jingina ta ga masu niyutiron.

Ni ina ganin mun cika saurin zana tsibirai don sun fi daɗin gani a hoto. Dubi PbMg1/3Nb2/3O3 da su Smolenskii suka gano a Leningrad ƙarshen shekarun 1950, hazonsa kewaye da (h00) siffar malam buɗe littafi gare shi, yana bayyana ƙasa da wajen 620 K, an daɗe ana fassara shi da ƙananan yankuna masu siffar faifan da aka baje, sai a 2012 Bosak da abokansa suka nuna ana iya samun siffar ba tare da an zana iyakar yanki ko ɗaya ba, kuma har yanzu ba'a rufe maganar ba duk da cewa dangin wannan kiristal ɗin ne suke cikin na'urorin sikanin na asibiti. Samfuri ya dace da hazo baya nufin shi kaɗai ne zai dace.


ƊanSola:

Ku gafarce ni malamai ni ɓangaren sola nake, ina bin zancen nan da sha'awa amma tambayata ita ce, in dai matsakaicin kubik ne kuma na'ura tana aiki, me ruwan mai haɗa sel da wani hazo da sai an sa log ake ganinsa? Wajen mayar da hasken rana lantarki, daga 3.8% da su Miyasaka suka samu a 2009 an haura 26% yanzu, kuma banga inda aka tsaya jiran sanduna ba.


TsohonMalami:

Tambaya ce mai kyau ɗana, kuma gaskiya ne masu haɗa sel sun yi gaba sun bar masu bayani a baya. Amma ilektiron baya zama a matsakaici. Yafi kejin sauri nesa, saboda haka abin da yake tararwa shine kusurwar Pb–Br–Pb ta wannan ƙyaftawar, wadda bata kai 180° ba, kuma duk sanda kusurwar ta lanƙwashe tazarar makamashi, wadda ilektiron sai ya tsallake ta kafin ya ɗauki lantarki, buɗewa take. Shi yasa in ka ɗauki akwatin kubik ɗaya tsaf ka saka a kwamfuta tazarar da zata baka ta fi ƙanƙanta akan wadda zaka samu in ka gina babban akwati ka bar kejin suka karkata yadda suke so. Wannan laushin dai shine yasa basa wuce da zafi, ƙasa da 1 W/mK suke, silikon kuwa wajen 150, ka ga wannan ai ya shafi sel ɗin da zai yini a rana. Kuma laushin jikin da yake barin Br da I suna lilo haka, a cikinsa ne suke samun hanyar barin gurbinsu suna yawo, matsalar da kai ka fi ni saninta. Naku na sola ma, CH3NH3PbI3, tetiragonal ne a zafin ɗaki amma yana komawa kubik a 327 K, wato 54°C, zafin da farantin sola yake kaiwa cikin sauƙi, kuma shima an ga sandunan nan a cikinsa. Sai dai wanda zai auna shi da niyutiron dole ya musanya haidurojin da diyuteriyom, in ba haka ba haidurojin zai cika masa ko'ina da hazo mara amfani.


NemanSani:

Na dawo da sakamako. Hoton wofi zobe biyu ne kawai masu faɗi ba ratsi ko ɗaya. Na sauke wuta zuwa 30 kV na ninka lokaci, sandunan suna nan. Na ɗaga shingen ditekta kamar yadda Yaya MaiInji yace, baya ya washe sosai, da na yanko l = 1.5 sai ga raga ta fito ta wajen h da ta wajen k, wlh sai da na kira wanda yace datti ne ya zo ya gani, ya daɗe yana kallo sannan yace in turo masa hotunan.

Dakta na cire kalmar daskarewa daga rubutuna. Yanzu shirina in auna a 135, 140, 150 da 170°C in ga ko hasken yana taruwa a M yayin da nake kusantar 130, in kuma auna kaurin sandar a kowanne. Abin da ban sani ba shine minti nawa ya kamata in jira bayan na canza zafi kafin in fara ɗauka, kuma ko in fara daga sama in sauko ne ko daga ƙasa in hau?


MaiInji:

Daga sama ki sauko Malama, ki tsaya a 135 kar ki tsallaka, don in kin faɗa tetiragonal tagwaye zasu fito sai kin sake hawa. Ki jira har gefen akwati ya daina canzawa a gajeren awo biyu a jere, wannan yafi agogo gaskiya. Sannan lambar da injin hura zafi yake nuna miki ba lallai ita ce zafin kiristal ɗin ba, in kin gama komai ki sauko a hankali ki rubuta lambar da ɗigon M ya fara fitowa, da ita zaki gyara sauran.